Ƙwayar kasuwa da jinin matan Damargu: a wuyan wa alhakin yake?

Akwai maganganun da ƴan siyasar ƙasar nan ba su saba ɗauka zuwa dandalin neman ƙuri'a ba. Tun daga babban taron ƙasa na 1991, farar hula sun yi alkawarin rijiya da hanya da makaranta, masu kaki sun zo sun yi nasu, amma da wuya a ji wanda ya tsaya gaban jama'a a Tanut ko Balbeji ya faɗi abin da ya tanadar wa macen da cikinta ya zube da tsakar dare a wani zango na ƙasar Tenhiya, jini ya ɓalle mata, ga mota babu, ga likita nesa. Maganar tana da nauyi a baki, wannan gaskiya ne. Sai dai nauyin baki bai taɓa tsayar da jini ba, kuma Bahaushe ya ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Abin da ya kamata a faɗa a fili shi ne: duk macen da ta iso gidan likita tana zubar da jini, matar aure ce ko budurwa, babba ce ko ƙaramar yarinya, ɓari ta yi ko wata ƙwaya ta haɗiya, haƙƙinta ne a yi mata magani nan take, a kuma rufa mata asiri. Dokar ƙasa ba ta hana wannan ba, addini bai hana ba, ilimin likitanci kuwa ya daɗe da sauƙaƙa aikin har malamin asibitin ƙauye zai iya yin sa. Abin da ya rage shi ne hukuma ta kai aikin inda matan suke.

Asalin ƙwayar

Ƙwayar da ake magana a kanta sunanta misofurostol, an fi saninta da sunan kasuwa Cytotec. Wani kamfanin Amurka ne ya fito da ita a tsakiyar shekarun 1980 domin masu gyambon ciki, ya kuma rubuta gargaɗi a jikin kwalin cewa kada mai juna biyu ta sha, saboda tana sa mahaifa ta matse ta fitar da abin da ke cikinta. Matan Barazil, ƙasar da dokarta ta tsananta a kan zubar da ciki, su ne suka ɗauki gargaɗin suka mayar da shi jagora, kafin shekarar 1990 ƙwayar ta bazu a hannunsu. A 1988 kuma Faransa ta amince da wata ƙwaya dabam mai suna mifefiriston, wadda ke toshe sinadarin jiki da ke riƙe da ciki. Haɗa biyun nan shi ne likitoci ke kira zubar da ciki da magani, kuma a 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa su cikin jerin magungunan da take ganin wajibi ne a tanada a ƙasashen da doka ta yarda.

Amfanin misofurostol bai tsaya nan ba, kuma a nan ne maganar ta shafi kowane gida. Matsewar mahaifa ita ce ke tsayar da jini bayan haihuwa. Allurar da aka saba yi domin haka, okisitosin, sai da firji take zama lafiya, alhali ƙwayar tana jure zafi muddin tana rufe cikin takardarta ta asali. Saboda haka tun daga 2014 Ma'aikatar Kiwon Lafiya ta Nijar ta shimfiɗa wani shiri a faɗin ƙasa na yaƙi da zubar jini bayan haihuwa, wanda misofurostol ke cikin manyan makamansa. Binciken da mujallar Lancet Global Health ta buga a 2023, bayan bin diddigin haihuwa sama da miliyan ɗaya a gidajen likita tsakanin 2015 da 2020, ya nuna mace-macen da wannan zubar jini ke jawowa sun ragu da fiye da rabi. Wannan nasara ce ta ƴan ƙasa, da hannun ungozomomi da malaman asibiti aka same ta. Da ƙwayar dai kuma ake ƙarasa fitar da guntun da ya saura cikin mahaifa bayan ɓari, ba tare da an shiga ɗakin tiyata ba.

Ke nan ƙwaya ɗaya ce take zaune a wuri biyu: a kabad ɗin majo, inda take ceton mai jego, da kuma a jakar mai tallar magani ranar kasuwa, inda ake miƙa ta da raɗa. Duk wanda ke ganin mafita ita ce a rufe mata ƙofar ƙasa gaba ɗaya, ya sani cewa masu jego ne za su fara biyan kuɗin shawararsa, mai talla kuwa farashi kawai zai ƙara.

Sharuɗɗa uku, dukansu a karye

Likitocin duniya ba su da saɓani mai yawa a kan haɗarin waɗannan magunguna. Idan ciki bai wuce mako 12 ba, aka haɗa ƙwayoyin biyu na ƙwarai bisa ƙa'ida, fiye da mata 95 cikin 100 suna gamawa ba tare da an yi musu wani aiki ba, waɗanda ke gamuwa da matsala mai tsanani kuwa ba su kai 1 cikin 100 ba. Jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022 ta ce ungozoma da malamin asibiti da suka samu horo za su iya kula da wannan aiki. Amma lissafin ya rataya ne a kan abu uku: a san kwanan cikin, maganin ya zama na gaskiya, sannan a samu wurin gudu in al'amari ya ɓaci. Mai karatu ya ɗauki waɗannan ukun ya aza a kan ƙasar Tenhiya, ya ga wanne zai tsaya.

Na farko, kwanan ciki. Macen da ke shayarwa ba ta ganin al'ada, ta yaya za ta ƙirga? Yarinyar da ba a taɓa zaunar da ita an yi mata bayanin jikinta ba, sau da yawa sai ciki ya fara motsi take fahimta. Na'urar hoton ciki tana manyan garuruwa. Ƙwayar da ba ta da haɗari sosai a wata biyu, a wata biyar tana iya kawo zubar jini mai yawa da maƙalewar mabiyiya, ga wadda aka taɓa yi wa aikin haihuwa kuma mahaifa na iya tsagewa a kan tabon. Akwai kuma cikin da ke zama a wajen mahaifa, kamar 1 zuwa 2 cikin kowane 100. Wannan babu ƙwayar kasuwa da ke taɓa shi. Girma zai ci gaba da yi har ya fashe, jini ya taru a cikin ciki inda ido ba ya gani, in ba a yi tiyata ba rai ya tafi.

Na biyu, ingancin magani. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa 1 cikin kowane magani 10 da ke yawo a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko kuma bai cika ƙarfi ba. Ƴan Nijar ba sa buƙatar a ba su labari: lokacin annobar sanƙarau ta 1995 an yi wa dubban mutane allurar rigakafi ta jabu a ƙasar nan. Misofurostol kuwa da zarar an ɓare ta daga takardarta, damshi ya taɓa ta, ƙarfinta raguwa yake yi. Mai talla yakan sayar da ita ɗai-ɗai a ƙunshin takarda, bai san yawan da ya dace ba, bai san lokacin da ya dace ba, kuma gobe yana wata kasuwar. In ba ta yi aiki ba ciki na iya ci gaba, likitocin Barazil kuma sun daɗe da lura da cewa wasu jariran da suka tsira daga irin wannan yunƙuri ana haifarsu da naƙasa. In ta yi rabin aiki, guntu ya saura ya ruɓe, zazzaɓi ya shiga jini. Wadda ƙwayar ta ci amanarta takan koma ga tsoffin hanyoyi, ta ɗirki maganin zazzaɓin cizon sauro fiye da ƙima, ko jiƙe-jiƙe, ko ta cusa wani abu a jikinta, waɗannan kuwa sun fi kashe uwa kafin su taɓa cikin.

Na uku, wurin gudu. Tenhiya tana arewacin gundumar Tanut, ƙasa ce mai faɗi ta makiyaya, Buzaye da Fulani, masu bin ruwa da ciyawa. A ƙasar baki ɗaya ma kusan rabin jama'a ne kaɗai ke zaune a tazarar kilomita 5 daga gidan likita, balle a dajin da zango da zango sai an yi wuni ana tafiya. Da damina, lokacin da garke ya yi arewa, tazarar ƙaruwa take yi. Macen da jini ya ɓalle wa sai an nemi amalanke ko babur zuwa gidan likita mafi kusa, daga nan a nemi mota ta ratsa rairayi zuwa asibitin Tanut, in abin ya fi ƙarfinsu a sake kama hanyar Damagaram, kusan kilomita 140. A kowane mataki ana neman kuɗin mai, kuɗin kuwa sai an sayar da akuya, akuya kuma sai ranar kasuwa. Zubar jini mai tsanani yana iya kashe mace cikin ƴan sa'o'i.

Saboda haka ya wajaba kowace uwa da kowane maigida su san alamun da ba a kwana da su: jinin da ke jiƙa ƙunzugu biyu cikin sa'a guda har sa'a biyu a jere, zazzaɓi ko rawar sanyi, fitar ruwa mai wari, ciwo mai tsanani musamman a gefe guda na mara, jiri ko suma. Ko ɗaya daga cikinsu ya bayyana, sai a kama hanya, tambayar yadda aka yi ta jira har a dawo.

Alƙaluman duniya sun nuna girman abin. Tsakanin 2010 da 2014, a ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, ana zubar da ciki kusan miliyan 25 kowace shekara ta hanyar da ba ta da aminci, a Afirka kuma 3 cikin 4 haka suke. A Nijar, ƙiyasin 2020 ya ce mata 441 ke mutuwa a kan kowace haihuwa 100,000. Nawa ne daga cikinsu suka mutu a ɗaka, aka ce ciwon ciki ne, aka yi jana'iza aka watse?

Abin da doka ta ce, da abin da malamai suka ce

Dokar hukunta laifuka da Nijar ta kafa a 1961, bisa gadon dokar Faransa, ta sa zubar da ciki cikin laifuffuka, da ɗauri ga wanda ya yi da wadda aka yi wa. A watan Yuni na 2006 aka fitar da dokar lafiyar haihuwa, wadda ta buɗe ƙofa biyu: idan ci gaban cikin zai jefa rai da lafiyar uwa cikin haɗari, da kuma idan an tabbatar abin da ke cikin yana ɗauke da cuta mai tsanani. A shekarar ce dai majalisar dokoki ta ƙi amincewa da yarjejeniyar Maputo ta 2003 a kan haƙƙin matan Afirka. Fyaɗe ba ya cikin ƙofofin da aka buɗe. Maƙwabciya Benin ta faɗaɗa tata dokar a 2021, Tunisiya kuwa, ƙasar Musulmi, ta yi haka tun 1973. Ko Nijar za ta bi sahunsu ko ba za ta bi ba, muhawara ce da ƴan ƙasa ke da ikon yi, kuma za ta ɗauki lokaci. Mai zubar jini ba za ta iya jiran ƙarshenta ba, ba kuma sai ta jira ba.

Dalili kuwa, babu wata doka da ta hana jinyar wadda ciki ya riga ya zube mata. A taron Alƙahira na 1994 a kan yawan jama'a, ƙasashen duniya, masu halatta zubar da ciki da masu haramta shi, sun amince cewa a kowane hali wajibi ne mata su samu kyakkyawar jinya a kan matsalolin da ke biyo bayansa. Wankin mahaifa yana cikin ayyukan gaggawa na asali da ake sa ran kowane gidan haihuwa ya iya. Ƙin taimakon wanda ke cikin haɗarin mutuwa shi kansa laifi ne, sirrin mara lafiya kuma amana ce a wuyan likita.

Har ƙofofin nan biyu na 2006 ma akwai abin dubawa. Dokar ta ce sai ƙungiyar likitoci ta sa hannu. A Yamai ana iya tara likitoci cikin sa'a guda. A dajin Damargu, inda majo ɗaya ke riƙe da gidan likita, ina za a samo ƙungiya? Mai ciwon zuciya ko mai hawan jini mai tsanani, wadda doka ta riga ta ba ta izini, ita ma sai ta koma hannun mai talla. Dokar da talaka ba zai iya kaiwa gare ta ba ta zama ta masu hali kaɗai.

Ta fuskar addini, ba a ɓoye cewa mazhabar Malikiyya, wadda jama'ar ƙasar nan ke bi, ita ce mafi tsanani a wannan babi: mashahurin zance a cikinta ya hana taɓa ciki tun farkon shigarsa. Malaman Hanafiyya da dama sun sassauta kafin kwana 120 in akwai uzuri. A 1990 majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta halatta shi kafin kwana 120 idan kwamitin likitoci amintattu ya tabbatar da naƙasa mai tsanani wadda ba ta da magani. Ceton ran uwa kuwa, in ya zama dole a zaɓa, jumhurun malamai sun fifita shi. Duk wannan saɓani a kan aikin zubarwar yake. Jinyar mace mai zubar jini ba a san wani malami da ya yi jayayya a kanta ba, kuma rufa asirin Musulmi yana cikin abin da kowane ɗalibin zaure ya karanta. Mai laifi ma ƙofar tuba a buɗe take gare ta, matacce kuwa ba ya tuba.

Yarinya

Inda abin ya fi ciwo shi ne wurin ƙananan yara. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna cewa ƴan mata 76 cikin 100 a Nijar ana aurar da su kafin shekara 18, 28 cikin 100 kuma kafin shekara 15. Ke nan mafi yawan yara masu ciki a Damargu matan aure ne, cikin halal suke ɗauke da shi, kuma su ma suna ɓari. Amaryar da ba ta wuce shekara 14 ba, a gidan surukai, kunya ta hana ta ce jini na zuba, al'adar cikin fari ta hana ta ko ambatar cikin. Kafin uwar miji ta lura, jiki ya yi sanyi.

Ɗayan ɓangaren kuma ita ce wadda ba ta da aure: ƴar makarantar da aka kai gari aka ajiye a gidan wani domin babu sakandare a ƙauyensu, ƴar tallar da wani babba ya yaudara, yarinyar da aka fi ƙarfinta a hanyar rijiya. Likitoci sun tabbatar cewa magungunan nan suna aiki a jikin matashiya kamar yadda suke yi a jikin babba. Abin da ke bambanta yarinya shi ne jinkiri. Ita ce ke makara wajen gane cikin, ita ce ba ta da kuɗi, ita ce ke tsoron uba da tsoron bakin duniya, don haka ita ce ke shan ƙwayar a wata huɗu ko biyar, ita kaɗai, a bayan gida, ta kuma ɓoye jinin har ta faɗi. Wadda ta kasa ma, wani lokaci labarinta yakan ƙare da jariri a cikin shara, ita kuma a gidan kaso. Namijin da ya yi aika-aikar yana zaune a majalisa ana gaishe shi.

Idan irin wannan yarinya ta iso gidan likita, aka ce sai ubanta ya zo ya sa hannu, ko aka tara mata ƴan kallo, ko aka ce sai ta faɗi wanda ya ba ta ƙwayar kafin a taɓa ta, to an sanar da duk ƴan matan yankin cewa ƙofar likita ta fi mutuwa ban tsoro. Aikin gaggawa ba ya jiran sa hannu. A fara tsayar da jini. Bayan ta farfaɗo, sai a nemi babban da ita ta amince da shi, uwa ko goggo ko yaya, a tambaye ta a keɓe ko tilasta mata aka yi. In fyaɗe ne, akwai ma'aikatan kare yara da alƙalin yara, kuma tuhuma kan namijin ya kamata ta hau. Iyaye kuma su sani cewa yarinyar da aka yi wa fyaɗe in an kai ta likita cikin kwana 3 akwai maganin da ke kare ta daga ƙanjamau, akwai kuma ƙwayar gaggawa da ke hana cikin shiga tun farko, wadda ke aiki har zuwa kwana 5. Ɓoyon kwana ukun nan shi ke haifar da baƙin cikin wata tara. Dokar da gwamnati ta fitar a 2017 domin kare karatun ƴa mace, da umarnin 2019 da ya ba mai ciki da mai aure damar ci gaba da makaranta, sun cancanci a karanta su a kowane taron iyayen yara, domin tsoron kora na cikin abin da ke tura ɗaliba wurin mai talla.

Ga masu cewa wannan ɗaure wa ɓarna gindi ne

Za a samu mutanen kirki, masu kishin tarbiyya, da za su ce sauƙaƙa jinya zai buɗe ƙofar lalata. Damuwarsu abar saurare ce, amma su dubi abu biyu. Ɓarawon da aka sara, likita ɗinke shi yake yi. Matashin da ya sha tiramol ya faɗi da babur, ba a tambayarsa dalilin shansa kafin a ɗaure karayar. Ba a taɓa jin an ce ɗinkin ne ke ƙara sata ba. Me zai sa mace kaɗai ce sai ta wanke kanta kafin a tsayar mata da jini?

Abu na biyu ya fi wannan ƙarfi. A idon likita, ɓarin da ya zo da kansa da wanda ƙwaya ta jawo kamanninsu ɗaya ne, jinyarsu ma ɗaya ce. Kusan 15 cikin 100 na cikin da aka san da shigarsa ɓari yake zama da ikon Allah. A ƙasar da mace ke haihuwa shida ko fiye, da wuya a sami gidan da ba a taɓa ɓari ba. Duk gidan likitan da ya mayar da kansa ofishin jandarma, matan aure masu ɓarin gaskiya ne za su fi shan tuhumarsa, su ne kuma za su fara ƙaurace masa. Wanda ya ɗana tarko domin mutum ɗaya ya kama goma, ya sake dabara.

Abin da ya rage a yi

Babu ko ɗaya cikin abubuwan da ake buƙata da ya fi ƙarfin hukuma. Kowane gidan likita a gundumomin Tanut da Balbeji ya kamata a ce yana da ma'aikaci aƙalla ɗaya da ya iya jinyar bayan ɓari, da misofurostol na ƙwarai, da sirinjin wankin mahaifa, da maganin kashe ƙwayoyin cuta, da ruwan ƙari. Ƙananan ɗakunan shan magani da aka gina tun zamanin Shugaba Tanja Mamadu a koya wa masu riƙe da su gane alamun haɗari da tura mara lafiya gaba ba tare da ɓata lokaci ba. Ayarin likitocin da ke bin makiyaya domin rigakafi su riƙa tafiya da ungozoma, su kuma yi bayani da Tamajak da Fulatanci, domin ba kowace mace ce a zango ke jin Hausa ba.

Maganar kuɗi ita ma a daidaita ta. Tsakanin 2005 da 2006 aka ce aikin haihuwa, awon ciki, maganin tazarar haihuwa da jinyar yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ne, amma jinkirin gwamnati wajen biyan gidajen likita ya sa kabad ya sha zama fanko. A 2024 mahukunta sun rage kuɗin jinya da rabi a asibitocin gwamnati, suka ce haihuwa kyauta ce. To, a fito fili a sa jinyar bayan ɓari cikin wannan jeri, a kuma biya kuɗin a kan lokaci. Kuɗin man motar ɗaukar marasa lafiya kuwa, wasu gundumomin ƙasar nan sun gwada ƙara dala ashirin a kan kowace takardar ganin likita suna tara asusu. Magadan garin Damargu da kwamitocin lafiya za su iya riƙe irin wannan asusu, muddin ana karanta lissafinsa a gaban jama'a. A kuma tanadi jini a Tanut, domin mai zubar jini ba abin da ke maye mata gurbinsa.

Ma'aikatar Kiwon Lafiya ta rubuta wa ma'aikatanta a sarari cewa jinyar mai zubar jini aiki ne na wajibi, ba ya jiran izinin miji ko na uba, kuma asirinta ba na bakin kasuwa ba ne. Ma'aikaci da yawa tsoron kotu ne ke ɗaure masa hannu, takarda guda za ta kwance shi. A fayyace kuma yadda macen karkara za ta ci moriyar dokar 2006, ko da ta waya likitocin za su haɗu su yanke shawara. Masu sa ido a kan magunguna su bi manyan dillalan jabu, kada a tsaya kan yaron da ke ɗauke da tire. Kowace macen da aka yi wa jinya a sallame ta da bayanin tazarar haihuwa, domin ciki na iya sake shiga cikin mako biyu ko uku, rigakafi kuwa ya fi magani.

Maza su ma da nasu kason. A jihar Damagaram ne aka fara makarantun mazaje wajen 2008, inda magidanta ke zama su tattauna lafiyar matansu, har wasu ƙasashe suka zo suka kwaikwaya. Wannan magana ta cancanci shiga zamansu, ta shiga huɗubar Juma'a, ta shiga fadar sarakuna da ta ardo da ta tambari. Maigidan da ya ba da izini tun kafin ya tafi da garke ko ya tafi ci rani, cewa in jini ya zo a kai iyalinsa likita ba sai an jira shi ba, ya yi sadakar da ba ta ci masa ko dala ba.

Damargu ta daɗe tana ciyar da ƙasar nan da hatsi da nama da nono, hannun matanta kuma yana cikin kowane damin gero da kowace ƙwaryar nono. Ba su nemi a yi musu gata ba. In jini ya ɓalle, a samu ƙofa a buɗe, da magani na gaskiya, da bakin da zai riƙe amana, iyakar abin ke nan. Mahukuntan da suka iya rage mutuwar da zubar jini ke jawo wa masu jego da rabi cikin shekara shida sun riga sun nuna cewa sun san hanya. Allah ya ba su ikon ƙarasawa, ya kuma raya mana ƴaƴa mata.